Taransiston da Ba Ya Ƙonewa

Ɗauki ƙaramin taransisto irin BC547, wanda masu ƙera shi suka ce kada a ɗora masa fiye da bolt 45, ka saka shi cikin manhajar kwaikwayon da'irar lantarki, ka ɗora masa bolt 5,000. A mafi yawan lokuta babu abin da zai faru. Manhajar za ta yi lissafinta, ta zana maka layi sumul, ta jira umarni na gaba. Ba hayaƙi, ba wari, ba ko gargaɗi. Haka rezista mai kwatan wat za ta sha wat ɗari ko a jikinta, batir kuma ya ba da amp dubu ba tare da ya yi gumi ba.

Abin da ke cikin kwamfutar ba taransisto ba ne. Jerin lissafi ne da wani ya rubuta don ya kwatanta halinsa, wato samfuri, kuma duk abin da bai shiga wannan jeri ba to babu shi a duniyar manhajar. Samfurin Gummel da Poon, wanda ya fito daga Bell Labs a 1970 kuma har yau a kansa yawancin fayilolin ƙananan taransistoci suke, ba ya ɗauke da batun fashewa saboda yawan bolt, ba ya kuma sanin cewa taransisto na ɗumama kansa idan yana aiki. Manhaja kamar tela ce da aka aika wa awo a takarda, ba ta taɓa ganin mai rigar ba. In awon ya bar faɗin kafaɗa, za ta ɗinka rigar tsaf, sai an zo sakawa a gane.

Kusan duk manhajojin da ake amfani da su yau, LTspice da PSpice da Multisim da ngspice, har da Proteus da ɗaliban injiniya da yawa a Najeriya suka saba da ita wajen aikin kammala karatu, jikokin abu guda ne: SPICE. Ya samo asali a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, daga aikin aji da Ronald Rohrer ya ba ɗalibansa, wanda ya zama manhaja mai suna CANCER. Laurence Nagel ya ci gaba da aikin a ƙarƙashin Donald Pederson, aka gabatar da SPICE a 1973, SPICE2 ya biyo baya a 1975. Pederson ya dage a bar shi a buɗe ga kowa, shi ya sa ya bazu, kamfanoni suka ɗauka kowa ya yi masa nasa kwaskwarima.

Abin lura shi ne dalilin gina shi. Mai ƙera ayisi, wato da'irar da aka dunƙule cikin ƙwayar silikon guda, ba shi da hanyar gwada da'irarsa a kan tebur, domin taransistocin da ke cikin ƙwayar silikon ba a taɓa su da hannu, kuma kowane zagayen ƙira na cin makonni da kuɗi masu kauri. Saboda haka masana'antun silikon ke kashe dukiya wajen auna taransistocinsu, su fitar da samfura irin BSIM, shi ma ɗan Berkeley, masu ɗauke da ɗaruruwan adadi, su kuma tsaya a kan ingancinsu domin cinikinsu a kansa yake. A wannan gida SPICE abin dogaro ne ƙwarai. Rigimar ta fi yawa ne da muka fito da shi waje, zuwa kan allon da ake jona kaya da dalma. A nan samfuri kyauta ne kamfani ke ajiyewa a shafinsa na intanet, sau da yawa da rubutu a samansa cewa bai ɗauki alhakin komai ba. Wani an yi shi da kulawa. Wani kuma an harhaɗa shi tun shekaru aru-aru daga adadi biyar ko shida na takardar bayanai, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ba a san mai shi ba.

Ga mai kallo, kurakuran iri biyu ne. Akwai mai surutu, inda manhaja ke cijewa ta jefo maka saƙo cewa ta kasa. Akwai mai shiru, inda komai ke tafiya lafiya lau, hoto ya fito gwanin kyau, amma ba hoton da'irarka ba ne. Na farko ya fi ba da haushi, na biyu ya fi cin kuɗi. A ganina galibi tushensu ɗaya ne: kayan da ke cikin manhaja sun cika kamala, ba su da lahanin da kowane abu na zahiri ke da shi. Shi ya sa dabarun da suka fi aiki duk wuri guda suka dosa, wato a mayar wa da'ira lahanin da aka cire mata.

A fara da kafasita, tunda ita ce aka fi rainawa. In ka rubuta mikrofarad 10 a manhaja, 10 ɗin ce ko da wane bolt, ko da wane zafi, ko da wane sauri. Ta zahiri kuwa tana da 'yar turjiya a cikinta da ɗan indoktans na ƙafafunta, har ta kai wani sauri da take daina halin kafasita ta koma halin koyil. Ƙananan kafasitocin seramik masu lambar X5R da X7R suna da wani hali da ya yaudari mutane da dama: da an ɗora musu wuta sai ƙarfinsu ya zube. Ƙarama mai mikrofarad 10 da aka yi wa iyakar bolt 6.3, in tana aiki a bolt 5, tana iya rasa fiye da rabin abin da aka rubuta mata. Y5V ta fi muni, domin ko a takarda an yarda ta rasa kashi 82 cikin ɗari saboda yanayin zafi kawai. C0G ba ta da wannan ciwo, sai dai ba a samunta da girma. Hanyar kaucewa ba wuya: kamfanoni irin Murata na wallafa jadawalin yadda kowace kafasita ke raguwa da bolt, sai ka karanta adadin gaskiya a bolt ɗin da kake aiki, shi za ka rubuta, ka jera masa turjiyar da indoktans ɗin da hannunka.

Wani lokaci ma lahanin shi ne abin da da'ira ke buƙata. Takardar bayanan regiuleta LM1117 ta gindaya cewa turjiyar kafasitar da ke bakin fitarta ta kasance tsakanin om 0.3 da om 22. In ka sa mata ta seramik mai turjiyar da ba ta kai ko kusa da haka ba, tana iya fara karkarwa, wutar da take fitarwa ta yi ta hawa da sauka. Samfuran regiuleta da yawa kuwa ba su kwaikwayi cikinta ba, batir ne kawai mai suna, don haka ko me ka jona masa ba zai yi karkarwa ba.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne da'irar da ke kunna wuta mai yawa tana kashewa da sauri. A ɗauki inbata ta batir bolt 12, irin wadda ake haɗawa da taransifoma mai waya uku a ɓangaren batir, da mosfet IRF3205 a kowane gefe. Iyakar wannan mosfet bolt 55 ne. A irin wannan haɗi, mosfet ɗin da ke kashe yana ganin ninkin batir, wato bolt 24, ko kusan 28 in batir ya cika. A manhaja abin da za ka gani ke nan, layi a miƙe, ka ce ai akwai sauran fili mai yawa kafin 55. To amma layin da ka ja a kan allon kwamfuta ba shi da tsawo, wayar zahiri kuwa tana da shi. Ƙiyasin da aka saba shi ne kowace milimita ta waya na ɗauke da kusan nanohenri 1. Santimita 5 tsakanin taransifoma da mosfet nanohenri 50 ke nan. In amp 20 na gudu a cikinta aka katse shi cikin nanosakan 20, ka ninka indoktans da kwararar wuta ka raba da lokaci, za ka samu bolt 50. Ɗora shi a kan 28. An wuce 55 da nisa, kuma a kowane bugu ake wucewa, tun kafin a lissafa indoktans ɗin da ke yoyo a cikin taransifomar kanta, wanda ya fi na waya girma. Ga dalili guda da ya sa da'irar da ta yi kyau a kwamfuta ke cin mosfet kamar gyaɗa a kan benci.

Saka ƙaramin koyil mai nanohenri 50 a wannan layi a manhaja, nan take tsinin ya bayyana. Sai dai a yi hattara da ɗaya gefen: in samfurin mosfet ɗin ba shi da iyakar fashewa, tsinin na iya tashi zuwa ɗaruruwan bolt da ba za a taɓa gani a zahiri ba, domin na gaske zai fara zubar da wutar da ya ɗan wuce iyakarsa, yana cin zafi. A nan sai a buɗe fayil ɗin a duba ko diyod ɗin da ke cikinsa na da adadin BV, wato bolt ɗin fashewa. In babu, a jona masa diyod ɗin zena a gefe don ya tsaya a madadin.

Ita taransifomar, in aka bar ta yadda aka saba rubutawa, koyil biyu ne da aka haɗa da adadin K daidai da 1, wato ba yoyo ko kaɗan, kuma ƙarfenta ba ya ƙoshi. Na zahiri yana ƙoshi. Da maganaɗisu ya cika shi, indoktans ya rushe, kwararar wuta ta yi tsalle. Akwai samfuran da ke kama wannan, na Jiles da Atherton a PSpice, na Chan a LTspice, amma suna neman bayanan ƙarfen, faɗinsa da tsawon zagayensa da yawan naɗin waya, wanda ya sayi taransifoma a kasuwa kuwa ba a ba shi waɗannan. Abin da zai iya yi shi ne ya haɗe wayoyin ɓangare ɗaya ya auna indoktans na ɗaya ɓangaren da mita, ya samu na yoyon, ya rage K ya dace da shi. Batun ƙoshi kuma ya lissafa shi a takarda. Diyod ma haka: na asali da manhaja ke bayarwa in ba ka zaɓi komai ba yana rufewa nan take, ba shi da kafasitans, ba ya fashewa. A zahiri UF4007 na buƙatar har nanosakan 75 kafin ya rufe, 1N4007 kuwa ya ninka haka sau da yawa, kuma a wannan ɗan tsakanin wuta baya take komawa.

Akwai kuma abin da ko samfuri mai kyau ba zai ba ka ba. Samfuri na wakiltar taransisto guda ne, matsakaici, wanda wataƙila ba ya cikin ledar da ka sayo. Ƙarfin ninkawar BC547 na iya faɗuwa ko'ina tsakanin 110 da 800, shi ya sa ake raba shi gida A da B da C. IRF3205 na fara buɗewa a wani wuri tsakanin bolt 2 da 4, kuma miliom 8 da ake yabonsa da shi sai an ba ƙofarsa bolt 10. Wanda ya tuƙa shi kai tsaye da bolt 5 daga ƙafar Arduino zai ga ya yi aiki a manhaja, a benci kuma wani ya yi, wani ya yi zafi. Masu jera mosfet huɗu ko shida a gefe ɗaya su ne suka fi shan wannan. A kwamfuta duk tagwaye ne, suna raba kaya daidai wa daida. A zahiri wanda ya fi saurin buɗewa shi ke fara ɗauka, shi ke ƙarshen saukewa. Dabarar ita ce a kwafi samfurin, a sauya adadin VTO, wato bolt ɗin fara buɗewa, a kwafi ɗaya zuwa 2, a wani zuwa 4, a ga wa ke shan wahala. Haka ake yi wa kowane adadi mai faɗi: a gwada ƙarshensa na sama da na ƙasa, ko a sa manhaja ta yi ta jefa ƙuri'a ɗaruruwan sau ta hanyar da ake kira Monte Carlo. Da'irar da ba ta aiki sai da taransisto matsakaici ba a gama zana ta ba.

Zafi kuwa ya shafe mu kai tsaye. SPICE na ɗauka cewa komai na kan digiri 27 sai in an gaya masa akasin haka. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu iskar waje kanta ta haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe da aka rataye a shago mai rufin kwano. Bolt ɗin da ke buɗe taransisto na raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Turjiyar mosfet na hawa, ta doshi ninki biyu in ya kusa iyakar zafinsa, ƙarin turjiya kuma ƙarin zafi ne. Kafasita mai ruwa na rasa kusan rabin rayuwarta a duk ƙarin digiri 10. Ana iya ba manhaja umarnin ta yi lissafi a digiri 70 ko 100, kuma ya kamata a yi, amma wannan na ɗaga zafin kowa ne baki ɗaya, kuma ba ya tasiri sai ga samfurin da aka rubuta wa adadin zafi. Wasu kamfanoni, irin su Infineon, na ba da samfuran mosfet masu ƙarin ƙafafu na zafi, inda ake kwaikwayon zafin da bolt, ana jona ƙarfen sanyaya a matsayin rezista da kafasita. In ba a samu irinsu ba, a karanta wat ɗin da mosfet ke ci, a lissafa zafinsa a takarda, a mayar da adadin, a sake gudu.

Ƙaramar amfilifayar nan da ake kira ofam, irin LM358 da TL072, tata matsalar daban ce. Kamfani ba zai ba ka ainihin da'irar cikinta ba, sirrinsa ne, kuma lissafin zai yi nauyi. Abin da ake bayarwa shi ne kwaikwayon halinta daga waje, kuma da yawa daga tsofaffin fayiloli na kan tsarin da Graeme Boyle da abokan aikinsa, ciki har da Pederson, suka wallafa a 1974. Tsari ne mai wayo a zamaninsa, amma yana da ramuka sanannu. Babba shi ne wutar da ofam ke ba kaya ba daga ƙafafun cin wutarta take fitowa ba, daga giraun, wato layin bolt sifili, take ɓullowa kamar tsafi, don haka duk lissafin tsawon rayuwar batir da aka yi da shi iska ne. Ba ya kuma nuna hayaniyar ciki. Halaye irin na TL072, wadda fitarta ke juyewa gaba ɗaya in shigarta ta matsa kusa da layin negatif, ko ɗan tsinkewar da LM358 ke yi wa sigina a tsakiya, wani samfurin ya kama, wani bai san da su ba.

A nan ne al'ada mafi amfani ke shigowa, kuma ita ce aka fi tsallakewa: a gwada samfurin kafin a gwada da'irar. Takardar bayanai na zuwa da zane-zanen gwaji da jadawalai. Ka gina ɗaya daga cikinsu a manhaja, ka ga ko jadawalin zai fito. Ka rataya wa ofam rezista mai om 1,000, ka auna wutar da ke shiga ƙafar cin wutarta. In ba ta ƙaru ba, ka san da wa kake hulɗa. Ka tura fitar LM358 sama, ka ga ko za ta tsaya kusan bolt 1.5 ƙasa da layin wuta kamar ta gaske. Ba sai samfuri ya dace ta ko'ina ba. Ya isa ya dace a halin da tambayarka ta rataya a kai, sauran ramukan kuma ka san inda suke. Inda ya gaza, ana iya yi masa faci daga waje da tushen wuta mai bin lissafi, ko a ɗauki samfurin ɗan'uwansa na wani kamfani a gyara adadi biyu-uku.

Wasu kurakuran ba na samfuri ba ne, na mai rubutu ne, sai dai tsarin ya haƙa musu rami. A SPICE harafin M na nufin kashi ɗaya cikin dubu. Mai son miliyan sai ya rubuta MEG. Rezistar da aka rubuta wa 1M miliom ɗaya ce, kusan waya. F kuma ba farad ba ne, femto ne. Jerin ƙafafu a fayil na iya saɓa wa jerin da ke kan alamar zane, shigar ofam biyu su yi musaya ba ka sani ba. Binciken da ake yi na yadda da'ira ke amsa firikwensi daban-daban yana miƙe komai ne a kusa da wurin zama guda, don haka zai iya nuna maka bolt 1,000 na fita daga da'irar da ke cin bolt 5. Proteus kuma, don sauƙaƙa wa mai koyo, tana ɓoye ƙafafun cin wutar ayisi da yawa, tana tafiyar da ƙaramar kwamfutar cikin da'ira ba tare da kiristal ba. Ɗalibin da ya kwafi zanen kamar yadda yake zuwa allo, ba kafasita ko ɗaya a ƙafar wuta, zai sha mamaki.

Sai kuskure mai surutu. Don a gane shi sai an san yadda manhajar ke neman amsa. Ba ta warware lissafin kai tsaye, cinta take yi. Takan ɗauki bolt na kowace mahaɗa a ƙiyasce, ta duba ko wutar da ke shiga ta yi daidai da mai fita, ta gyara cintar, ta sake, bisa hanyar Newton da Raphson, har amsoshi biyu a jere su kusanci juna. Diyod na wahalar da wannan hanya, domin ƙarin milibolt 60 kacal na ninka wutarsa sau goma, cinta ta kauce kaɗan adadi ya tashi sama. In ta kasa a wani lokaci, sai ta rage tazarar lokacin ta sake, ta rage, ta sake, har ta kai inda ba sauran ragewa, ta rubuto "timestep too small". In kuma akwai mahaɗar da ba ta da hanyar zuwa giraun, misali tsakanin kafasita biyu a jere, lissafin ba shi da amsa guda, sai ta ce "singular matrix".

Abin da mutane suka fi yi shi ne su je su sassauta ma'aunin daidaito, su mayar da RELTOL daga 0.001 zuwa 0.01, saƙon ya ɓace, su yi hamdala. Sau da yawa an gudu ne ba a tsira ba, an mayar da kuskure mai surutu ya zama mai shiru. Abin da ya fi shi ne a tambayi wane abu ne a da'irar ba zai yiwu a zahiri ba. Makunnin da ke juyawa cikin lokaci sifili? A ba shi nanosakan 'yan kaɗan. Batir marar turjiya da aka jona kai tsaye da kafasita ko koyil? A ba shi miliom goma. Diyod marar kafasitans? A ba shi fikofarad kaɗan. Mahaɗa mai shawagi? A ɗaure ta da giraun da rezista mai om biliyan. Kowanne daga waɗannan na sauƙaƙa lissafi, yana kuma matsar da da'irar kusa da gaskiya. Mike Engelhardt, wanda ya rubuta LTspice, ya gina irin wannan tunani a cikinta, har tana saka wa koyil turjiyar miliom 1 da kanta in ba ka rubuta ba. Taimako ne, amma ya kamata mai aiki da amp ɗari ya san da shi.

Ba kowane taɓa ma'auni ne laifi ba. Ƙara yawan cintar da aka yarda manhaja ta yi ba ya ɓata amsa, lokaci kawai yake ci. ABSTOL kuma, ma'aunin daidaiton kwararar wuta, an ajiye shi a fikoamp 1 ne saboda ayisi. A da'irar da ke jan amp 20, neman daidaito har wannan mataki wahalar banza ce, ɗaga shi zuwa nanoamp ko fiye hankali ne.

Lissafin kansa na iya ƙirƙiro abin da babu. Hanyar da SPICE ya saba bi wajen tafiya cikin lokaci takan haifar da karkarwar ƙarya, layi ya yi haƙoran zarto. Ana gane ta in aka matso da hoton: tana hawa da sauka ne daidai a kowane ɗigon lissafi, kuma tana sauya kama in an rage tazarar lokaci. Komawa hanyar Gear na kashe ta, amma yana danne karkarwar gaskiya ma, har da'irar da ke rawa a zahiri ta fito a natse. Akasin haka na faruwa da da'irar da aikinta ke nan ta yi bugu, kamar mai taransisto biyu da ke kunna fitila bi da bi. A manhaja takan ƙi tashi, domin ɓangarorin biyu sun yi daidai har ba wanda zai riga wani, ga shi ba hayaniyar da za ta tunkuɗa ta. Sai an ɗan bambanta rezista ɗaya, ko an ba wata mahaɗa bolt na farawa.

Bob Pease na National Semiconductor, wanda ya rasu a 2011, ya yi suna da ƙin yarda da SPICE, har akwai sanannen hotonsa yana jefo kwamfuta daga saman gini. Masu son benci na kafa hujja da shi, amma ba na jin hujjar ta kai a yi watsi da manhaja. Tana nuna abin da mita ba ta iya nunawa, kamar wutar da ke gudu cikin ƙafa guda na tsawon nanosakan, kuma tana barin mutum ya gwada adadi ɗari kafin ya sayi ko rezista ɗaya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda kowane mosfet da ya ƙone daga aljihunsa ne. Abin da Pease ya yi gaskiya a kai shi ne mutum ya san amsar da yake tsammani, ko da a ƙiyasce, kafin ya danna maɓalli. In takarda ta ce amp 2 manhaja ta ce miliamp 2, ɗayansu ya yi kuskure, kuma gano wanne ne shi ne aikin. Ga kuma abin da babu fayil ɗin da zai warware: kayan jabu, masu lambar kamfani a jiki da ƙaramar ƙwayar silikon a ciki. Samfurin IRF3205 na wakiltar na gaske ne, ba abin da aka buga wa sunansa ba.

Shi ya sa zagayen ba ya cika sai awo ya dawo cikin manhaja. Ga yadda ake yi da inbatar nan in an samu osiloskop. A ce ka duba ƙafar mosfet ka ga bayan kowane kashewa tana karkarwa sau miliyan 20 a daƙiƙa. Ka riƙa jona ƙananan kafasitoci a kansa har saurin ya ragu zuwa rabi. A ce nanofarad 3 ce ta yi hakan. Tunda sai kafasitans ya ninka huɗu sauri ke raguwa rabi, wanda ke ɓoye a wurin kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ka ƙara, nanofarad 1. Daga shi da saurin farko lissafi zai ba ka indoktans kusan nanohenri 63. Waɗannan adadi biyu ba sa cikin kowace takardar kamfani, na allonka ne da wayoyinka. Ka saka su a zanen, ka ga karkarwar ta fito a kwamfuta kamar yadda ta fito a benci, daga nan manhajar ta cancanci a tambaye ta maganin. Lissafi zai nuna rezista ta kusan om 8 a jere da kafasita don shanye karkarwar, manhaja kuma ta gaya maka wat nawa rezistar za ta ci kafin ka zaɓi girmanta.